Mota Mai Turbo In Ta Yi Sanyin Ja: Jawabi Ga Direbobi, Makanikai Da Masu Motoci



Abin da za mu yi magana a kansa yau wata cuta ce ta mota wadda ta fara yawa a garejojin ƙasar nan, tun daga Sakkwato har Fatakwal, watau mota mai turbo ta wayi gari ba ta da ƙarfin ja. Direba ya taka totur har ƙasa, inji ya yi ta gurnani, amma mota tana tafiya sai ka ce an ɗaure mata ƙafa. Wanda bai san hanya ba zai ce wannan ai ƙaramin abu ne, tun da dai mota tana tashi, tana kuma kai mutum inda za shi. Amma duk direban da ya taɓa fitowa zai wuce tirela, ya auna tazara bisa ga ƙarfin da ya saba samu, sa'an nan ƙarfin ya ƙi zuwa alhali kuwa ga wata mota ta taso daga gaba, ya san magana ce ta rai. Haka kuma wanda ya ɗauko kaya ya doshi Hawan Kibo a kan hanyar Jos, mota ta sare masa a tsakiyar hawa. Bayan rai kuma akwai aljihu, domin sau da yawa da zarar an ga wannan alama sai a ce turbo ya mutu, a aika mai mota kasuwa ya sayo wani da kuɗi masu yawa, a ɗaura, cuta kuwa tana nan inda take, don tun farko ba a turbo ɗin take ba.

Kafin a nemi magani ya kamata a san yadda abin yake aiki. Inji ba mai kaɗai yake sha ba, iska ya fi sha. Injin fetur yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone kilo 1 na mai sarai. Saboda haka iyakar ƙarfin inji ita ce iyakar iskar da ya iya shaƙa, ko an tuttula masa mai fiye da haka hayaƙi kawai zai zama. Turbo kuwa aikinsa irin na zugazugin maƙeri ne, yana tura iska cikin wuta da ƙarfi don ta ƙara ci. Bambancin kawai shi ne, wannan zugazugi ba hannu ke motsa shi ba, hayaƙin da injin ya fitar shi ke juya shi. Fanka biyu ce a kan sanda guda. Hayaƙi mai zafi yana bugun ta ɗaya kafin ya wuce salansa, ita kuma ta juya sandar, sandar ta juya ta biyun, wadda ke zuƙo iska daga waje tana matsa ta zuwa cikin inji. Sandar nan takan yi zagaye fiye da 150,000 a minti ɗaya, a ƙananan turbo ma takan haura 200,000, kuma a injin fetur zafin hayaƙin da ke bugunta yakan kai digiri 900 ko fiye. Abin da ke tsakanin wannan sanda da ƙarfen da take juyawa a ciki bai wuce ɗan siririn shafi na baƙin mai ba. Ku riƙe wannan a zuci, za mu komo kansa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya na ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Buchi shi ya yi rajistar ta a 1905, aka fara amfani da ita a manyan injuna na jiragen ruwa da na sama. Sai a 1962 kamfanin General Motors na Amurka ya sa ta a ƙananan motoci na sayarwa, Mercedes ya fito da ƙaramar mota mai dizal da turbo a 1978, Peugeot ya biyo baya a 1979. Yanzu kuwa, saboda neman tsimin mai da dokokin rage hayaƙi, kusan duk injin dizal da ake ƙerawa na mota yana da turbo, haka ma injunan fetur masu yawa. An rage girman inji, aka bar wa turbo ya cike gurbi. Wannan shi ya sa cutar ta fi tsanani a motocin yanzu. Injin lita 1.5 da aka ɗora wa babbar mota, in turbo ya daina taimakonsa, ƙaramin inji ne kurum yana fama da nauyin da ya fi ƙarfinsa.

To, abu na farko, a tabbata cewa lalle cuta ce, kuma ta inji ce. Kowane turbo yana da ɗan jinkiri na halitta. In inji yana juyawa a hankali, ƙasa da zagaye 1,500 ko 2,000 a minti, hayaƙin bai isa ya zuga fankar sosai ba, don haka wanda ya sa babbar giya yana tafiyar hawainiya sa'an nan ya taka totur, dole ya ɗan jira. Wannan ba lalacewa ba ce, rage giya shi ne maganinta. Haka nan in allurar zagayen inji tana hawa da sauri amma gudun mota bai ƙaru ba, sai a duba kuloci ko giya, babu ruwan turbo. Birki mai kamawa da taya marar iska su ma sukan sa mota nauyi. Waɗannan cikin minti kaɗan ake kawar da su.

Sa'an nan a tambayi direba, a kuma saurare shi da kyau, domin shi ne ya zauna da motar. Ƙarfin nan a hankali ya riƙa raguwa cikin watanni, ko kuwa farat ɗaya ya tafi? In farat ɗaya ne, an ji wata ƙara kamar fashewar leda? Akwai huci kamar na maciji in an taka totur, ko kuka mai kama da jiniya? Wane irin hayaƙi take fitarwa, baƙi, ko shuɗi, ko babu? Akwai kuma wata tambaya mai amfani ƙwarai: in aka kashe mota aka sāke tayar da ita, ƙarfin yakan komo na ɗan lokaci? In amsar i ce, to, kwamfutar motar ce, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa, ta ga wani abin da bai gamshe ta ba, ta rage ƙarfin inji da gangan don kada ya yi wa kansa lahani. Ƙarfen da ya karye ba ya gyaruwa don an murɗa makulli, saboda haka wannan alama ita kaɗai ta isa ta hana mutum gaggawar sayen turbo.

Motocin da aka ƙera domin Amurka tun daga 1996, da na fetur da aka ƙera domin Turai tun daga 2001, da na dizal kimanin 2004, duk suna da wata kafa, galibi ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Lambar da ta fi fitowa a irin wannan cuta ita ce P0299, ma'anarta matsin iskar da ake samu bai kai wanda ƙwaƙwalwa ta nema ba. Kishiyarta ita ce P0234, watau matsin ya wuce ƙima. Amma fa a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Lambar ba ta ce turbo ya lalace ba, cewa ta yi iska ba ta isa ba. Kamar majiyyaci ne ya zo da zazzaɓi, zazzaɓin gaskiya ne, amma sai an binciko abin da ya kawo shi. Mai na'urar da ya karanta lamba, ya goge ta, ya karɓi kuɗinsa ya sallami mutum, bai yi aikin kome ba. Aikin na gaskiya shi ne a bar na'urar a jone, mutum biyu su fita da mota kan hanyar da ba kowa, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana kallon lambobi, a sa giya ta uku a taka totur, a gwama matsin da ƙwaƙwalwa ta nema da wanda aka samu. Kada direba ya yi tuƙi yana leƙen na'ura.

A nan akwai wani ɗan lissafi da ya kamata makanike ya sani. Iskar da muke shaƙa ita kanta tana da nauyi, kimanin ba 1 a bakin teku, watau kilofaskal 100 ko fam 14.7 a kan kowane inci murabba'i. Na'urori da yawa suna haɗa wannan da abin da turbo ya ƙara, saboda haka in ka ga ba 2 a rubuce, abin da turbo ya kawo ba 1 ne kawai. Wannan kuma ya ba mu gwaji mai sauƙi na sansar da ke auna matsin iska. A murɗa makulli amma kada a tayar da inji. A Ikko ya kamata ta nuna kusan ba 1, a Jos kuwa, da yake garin yana bisa tudu na kimanin mita 1,200, za ta nuna ƙasa da haka, wajen 0.88. In ta nuna wani abu mai nisa da wannan alhali inji a kashe, sansar ce ke ƙarya, ko kuwa wayarta.

Yanzu sai a buɗe bonet, a bi hanyar iska tun daga ƙofar shigarta, daga mai araha zuwa mai tsada. Matacin iska shi ne farko. Littafin mota yana iya cewa a canja shi bayan kilomita kaza, amma waɗanda suka rubuta littafin ba su yi lissafi da ƙurar hunturu ba, ko hanyoyin birji na kasuwannin ƙauye. Mataci in ya toshe, turbo yakan yi ta zuƙa ba ya samu, har wani lokaci tiyon da ke tsakaninsu ya lanƙwashe ya manne in an taka totur, ya buɗe in an saki, shi ya sa ba a ganin laifinsa in mota tana tsaye. Abin da ya fi toshewa muni shi ne a cire matacin gaba ɗaya, ko a huda shi, wai don mota ta sha iska. Ƙwayar yashi in ta haɗu da fankar da ke zagaye 150,000 a minti, cin ta take yi kamar zarto. Bayan mataci akwai sansar da ke auna yawan iskar da ta shiga. In ta yi dauɗa takan ba ƙwaƙwalwa labarin iska kaɗan, ita kuma ta rage mai. Akwai maganin fesawa da aka yi musamman don wanke ta, kada a sa mata fetur, kada kuma a taɓa siririyar wayar cikinta da tsinke ko tsumma.

Daga nan muka zo inda, a ganina, ya kamata makanike ya fi daɗewa, watau yoyon iska. Iskar da turbo ya matsa takan yi zafi, don haka ba kai tsaye take shiga inji ba, sai ta bi ta wani abu mai kama da lagireto da ake kira intakula, ta huce, sa'an nan ta wuce. Tsakanin turbo da intakula da inji akwai tiyo-tiyo na roba da bututu da kilif masu yawa, kowace mahaɗa kuwa wurin yoyo ce. Roba takan tsufa ta tsage saboda zafi da mai, kilif yakan saki, intakula kuma da yake a gaba take, ƙasa-ƙasa, tana shan dutse da ramukan hanya. Wata tsagar ba ta buɗewa sai matsi ya hau, in ka duba da ido ba ka ganin kome, sai ka matsa tiyon da hannu ka juya shi ka dubi ƙarƙashinsa. Alama mai kyau ita ce danshin baƙin mai da ƙura ta manne a kai a wuri guda, domin iskar da ke fita takan fito da ɗan tururin mai. A motar dizal yoyon nan yakan zo da baƙin hayaƙi da huci, saboda an ba da mai daidai da iskar da aka auna, amma wani kaso na iskar ya zurare a hanya.

Gwajin da ke raba gardama shi ne a kashe inji, a toshe bakin hanyar iska da marufi mai bawul, a hura iska a hankali, sa'an nan a bi mahaɗa ɗaya-ɗaya da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar. Amma ina jan kunne, kada a jona tiyon mai faci kai tsaye ba tare da abin daidaita matsi ba. Tankin mai faci yana riƙe da matsi ninkin-ba-ninkin abin da waɗannan tiyo-tiyo suka saba ɗauka, yana iya fasa intakula, ko ya harbo marufin a fuskar mutum. Rabin ba zuwa ba 1 ya isa. Garejin da ke da na'urar tura hayaƙi cikin bututu ya fi samun sauƙin aikin. A motocin fetur kuma akwai wani bawul da ke sakin iskar da ta taru in direba ya ɗaga ƙafa daga totur. In robar cikinsa ta yage, sai ya riƙa sakin iska ko da ba a sa shi ba. An san wasu injunan Volkswagen da Audi da wannan, kuɗin bawul ɗin kuwa bai kama ƙafar kuɗin turbo ba.

Wata aukuwa kuma, ba cuta ba ce sosai amma tana ruɗa mutane. A watannin bazara, a garuruwa irin su Maiduguri da Sakkwato inda zafi kan haura digiri 40, intakula ba ta samun iska mai sanyi da za ta huce da ita, balle in laka da ƙwari da ledoji sun toshe fuskarta. Iska mai zafi ba ta da kauri, kuma ƙwaƙwalwa takan rage ƙarfi in ta ga zafin ya yi yawa. Motar da ke ja da asuba amma ta yi laushi da azahar, a fara da wanke fuskar intakula da ruwa marar ƙarfi.

In hanyar iska lafiya take, sai a koma ga abin da ke sarrafa turbo ɗin. Da za a bar shi ya yi ta zuga yadda ya ga dama, da ya fasa inji. Saboda haka aka yi wata 'yar ƙofa a gefen hayaƙi, makanikai suna ce mata wesget, wadda ke buɗewa in matsi ya kai iyaka, wani hayaƙin ya kewaye fanka ya wuce salansa. In ƙofar nan ta maƙale a buɗe, ko ta cinye ba ta rufuwa ruf, ko ɗan kilif ɗin da ke riƙe sandarta ya faɗi, hayaƙi zai riƙa zurarewa kullum, turbo lafiyayye ya zauna ba aikin yi. Abin lura a nan shi ne, ba duka iri ɗaya ba ne. Akwai wadda sifirin ke riƙe da ita a rufe, matsin iska ke buɗe ta, irin wannan in tiyonta ya tsage matsi wuce ƙima yake yi. Akwai kuma wadda zuƙo ke rufe ta, irin wannan in siririn tiyon zuƙo ya tsage, ko bawul ɗin lantarkin da ke raba zuƙon ya mutu, ƙarfi tafiya yake yi gaba ɗaya. Sababbin motoci da yawa kuma ɗan injin lantarki ke motsa ta. Wanda bai tantance irin wadda ke gabansa ba, gwajinsa zai ba shi amsa a juye. Da ɗan famfon hannu mai ma'auni ake gwada na farko da na biyu, a ga ko sandar tana tafiya sumul, tana kuma riƙe wurinta. Kada a taɓa tsawon sandar nan da sunan ƙara wa mota wuta, a ma'aikata aka auna ta.

Yawancin injunan dizal na ƙananan motoci na zamani, maimakon ƙofa, wasu ƙananan fikafikai ne kewaye da fankar hayaƙi, suna tsukewa suna buɗewa. Kunkunniya takan taru ta daskarar da su, musamman a motar da kullum cikin gari take, daga wannan cunkoso zuwa wancan. In suka maƙale a buɗe mota ba ta ja daga ƙasa, in suka maƙale a tsuke matsi ya wuce ƙima, ƙwaƙwalwa ta yanke ƙarfi, shi ne za ka ga mota ta sare a kan hawa, an kashe an tayar ta komo. Sau da yawa kwancewa da wankewa ya wadatar.

Gefen hayaƙi shi ma yana da nasa. Tun da hayaƙi ne ke juya turbo, duk ɓarakar da ke gabaninsa, kamar tsagewar manifol ko ƙonewar gaskit, rage masa abinci take yi. Akan gane ta da baƙin tabo a wurin, da ƙara tak-tak-tak in inji da sanyi. Bawul ɗin da ke mayar da wani hayaƙi cikin inji, wanda ake rubutawa da haruffa EGR, in ya maƙale a buɗe shi ma haka, ga rashin ƙarfi ga baƙin hayaƙi. Toshewa a bayan turbo kuwa ita ce ta fi ɓoyuwa. Cikin salansa akwai wani mataci mai kama da saƙar zuma, makanikanmu sun yi masa laƙabi da indomi, aikinsa rage dafin hayaƙi. In ya narke ko ya farfashe, hayaƙi ba ya samun mafita, fanka kuwa ba ta juyawa da kyau in abin da ya buge ta bai wuce ba. Alamarsa, mota ta tashi lafiya, ta yi tafiyar gari lafiya, amma da an nemi gudu sai ta shaƙe. Ana tabbatarwa da auna matsin hayaƙi ta ramin sansar da ke gabansa. Motocin dizal da aka ƙera domin Turai tun wajen 2009 suna da wani matacin kunkunniya bayan wannan, an kuma yi su ne bisa ga dizal mai ƙarancin farar wuta, don haka man da ba shi da tsabta yakan gajarta musu kwana. Na san abin da aka saba yi shi ne a fasa indomi a zubar, wasu ma har ɗoki suke yi, domin akwai masu saye saboda ƙarafa masu daraja da ke ciki. Ni dai ban ga hikima a nan ba. Hayaƙin da ya fito ba tacewa, yaran da ke talla a bakin titi su ke fara shaƙar sa, kuma abin da ya narkar da matacin tun farko, galibi fulogi ko kwayil da ke barin ɗanyen mai ya wuce, yana nan ba a gyara ba.

Mai da wuta ba sa bukatar dogon bayani. Matacin mai da ya toshe, famfon mai da ya gaji, nozul mai dauɗa, ruwa a cikin dizal, fulogi da ya cinye, kowannensu yana rage ƙonewa, ƙarancin ƙonewa ya rage hayaƙi, ƙarancin hayaƙi ya rage zugar turbo. Injin fetur mai turbo kuma ba ya jimirin gurɓataccen mai. In mai ya fara fashewa kafin lokacinsa, akwai sansar da ke jin wannan ƙwanƙwasa, sai ƙwaƙwalwa ta ja wuta baya ta rage matsi. Wanda motarsa ta yi sanyi jim kaɗan bayan ya sha mai a galan wajen 'yan bumburutu, ya fara zargin man kafin ya zargi ƙarfe.

Sai bayan duk wannan ake zuwa ga turbo kansa. A bari inji ya huce, a cire makulli a sa a aljihu, a kwance tiyon da ke bakinsa, a haska tocila. Fikafikan fanka su kasance da kaifinsu, ba gutsurewa, ba lanƙwasa. A juya ta da yatsa, ta juya ba tare da kartar bango ba. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne a yawancin turbo, domin in inji a kashe babu matsin man da ke riƙe sandar a tsakiya, amma in fankar tana taɓa bango, ko sandar tana shiga tana fita, to, ya gama aiki. Ɗan danshin mai a cikin tiyo shi ma ba hujja ba ce, daga numfashin inji yake zuwa. Hujja ita ce mai yana kwance a intakula, shuɗin hayaƙi, shan baƙin mai, da kukan jiniya da ke ƙaruwa kullum. Ko a nan ma a duba bututun da mai ke komawa ƙasa ta cikinsa, da bututun numfashin inji, a kuma duba ko an cika baƙin mai fiye da alama, domin waɗannan sukan sa lafiyayyen turbo ya yi yoyo.

Masu dizal, akwai haɗarin da ya wajaba ku sani. Injin dizal yana iya ƙona baƙin mai kamar yadda yake ƙona gas. In turbo ya saki mai da yawa cikin hanyar iska, inji yakan ɗauki gudu da kansa, ya yi ta ƙaruwa da farin hayaƙi mai kauri, ko an cire makulli ba ya tsayawa, har ya shanye mansa ya farfashe. In mota mai giyar hannu ce, a take birki da ƙarfi, a sa babbar giya, a saki kuloci don inji ya mutu. In ba haka ba sai a toshe masa iska da wani abu mai tauri kamar katako, ba da tafin hannu ba, ko a fesa abin kashe gobara mai iskar kabon a bakin shigar iska. In abin ya gagara, a fitar da mutane a ja da baya nesa. Saboda haka motar dizal da ta fara shuɗin hayaƙi tare da kukan jiniya, kada a ce bari a ƙarasa wannan lodi tukuna.

In ta tabbata sai an canja, a tuna da shafin man nan da muka ambata. Turbo bai cika mutuwa don tsufa ba, yawanci kashe shi ake yi, ko da ƙarancin mai, ko da mai mai dauɗa, ko da wani abin da ya faɗa cikin fanka. Wanda ya ɗaura sabo bai gano abin da ya kashe tsohon ba, zai sāke komawa kasuwa. A sayi mai lamba daidai da ta tsohon, ba mai kama da shi a ido ba. A canja bututun da ke kawo masa mai, domin ƙonannen mai yakan daskare a ciki ya tsuke hanya. A yi juye da irin man da littafin mota ya faɗa, a sa sabon matacin mai da na iska, a kwance intakula a zubar da man da ya taru da gutsattsarin ƙarfe. Kada a shafa gam a mahaɗar bututun mai, guntunsa yakan ɓalle ya toshe hanya. Kafin a tayar, a ɗura ɗan mai mai tsabta ta ramin shigarsa a juya fankar da hannu, sa'an nan a bar inji ya yi aiki a tsaye na 'yan mintoci ba tare da taka totur ba. Wanda ke da ɗan injin lantarki a jikinsa, sau da yawa sai an daidaita shi da na'ura kafin ƙwaƙwalwa ta karɓe shi.

Direbobi kuma, akwai wata al'ada da aka gada daga zamanin tsofaffin motoci, watau a taka totur sau ɗaya da ƙarfi sa'an nan a kashe inji. A mota mai turbo wannan ɓarna ce, domin inji yana tsayawa famfon mai ya tsaya, sandar kuwa tana nan tana juyawa a bushe. Da safe a ba inji kamar rabin minti kafin a motsa, a tafi a hankali har ya ɗumama. Bayan doguwar tafiya ko hawan tudu da kaya, in an tsaya shan mai ko cin abinci, a bar shi yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin a murɗa makulli, don mai ya kwashe zafin da ya taru a sandar maimakon ya ƙone a kanta.